Mura Ce Kawai

Tun shekarar 2017 nake aikin kula da tsofaffi da gajiyayyu a wani gida da ke cikin birnin Sakkwato, kuma ban taɓa tunanin zan rubuta wani abu game da wannan aiki ba, domin a ganina mai wanke tsohuwa da ba ta kunu a baki ba ta da labarin da jama'a za su tsaya su karanta. Abin da ya sauya mini ra'ayi wata yarinya ce da aka ɗauka aiki tare da mu a farkon hunturun bana. Wata safiya na hango ta ta nufi ɗakin mata da kwanon koko a hannu, idanunta sun yi ja, tana jan hanci tana share shi da bayan hannu. Da na tare ta a bakin ƙofa na tambaye ta jikinta, sai ta yi murmushi ta ce, “Yaya, mura ce kawai.” Waɗannan kalmomi uku su ne na faɗa da bakina a watan Janairun 2022, a bakin wannan ƙofar, kuma abin da ya biyo bayansu shi ne zan ba da labari kamar yadda ya faru da ni.

Ni haifaffiyar Sakkwato ce, a Mabera nake zaune. Ban yi makarantar koyon aikin jinya ba. Jinyar mahaifina ce makarantata, domin shekara uku na yi ina juya shi, ina wanke shi, ina ba shi abinci bayan ɓarin jikinsa ya shanye, har Allah ya karɓi abinsa. Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu da mahaifiyata, sai wata maƙwabciya ta yi mini hanyar wannan aiki. Na san mutane da yawa a garin nan ba su ma san akwai irin wannan gida ba, wasu kuma idan sun ji sai su yi tsaki, domin a al'adarmu abin kunya ne a ce tsoho yana da 'ya'ya a raye amma bare ne ke ɗauke masa fo. Sai dai yawancin waɗanda ke wurinmu ba su da wanda zai ji wannan kunyar. Akwai waɗanda 'ya'yansu suka riga su tafiya, akwai makafin da ƙarfin bara ya ƙare musu, akwai kuma waɗanda tashin hankalin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah, suka iso gari ba su san kowa ba. Wani bawan Allah mai hali ne ya ba da gidan sadaka, ya ɗora ɗan'uwansa a kan kula da shi, wanda dukkanmu muke kira Alhaji. A lokacin da nake ba da labari tsofaffi 16 ne a gidan, mu ma'aikata shida muna karɓa-karɓa tsakanin rana da dare, sai wata ma'aikaciyar jinya da takan leƙo mu sau biyu a mako.

Wanda bai taɓa yin aikin nan ba ba zai gane irin kusancin da ke cikinsa ba. Idan zan tayar da tsohuwa daga kwance, sai na sa hannuwana ƙarƙashin hammatarta, ita kuma ta rataya nata a wuyana, tsakanin fuskarta da tawa bai fi tafin hannu ba, ta sauke numfashin wahala a kan hancina. Idan zan ba wanda haɗiya ke yi wa wuya kunu, dole na durƙusa daidai bakinsa ina kallon maƙogwaronsa, kuma cikin cokali goma da wuya a rasa ɗaya da zai sarƙe shi ya yi tari. Ni ke share kaki, ni ke wanke tsummokaran majina, ni ke kakkaɓe zanin gado. Likita a asibiti yakan yi 'yan mintoci a kan majinyaci ya wuce na gaba, ni kuwa awa goma sha biyu nake yi a ɗaki ɗaya da mutum huɗu, iskar da suka fitar ita nake shaƙa. Sai daga baya na fahimci cewa ƙwayoyin cututtukan numfashi ba a tari da atishawa kaɗai suke fita ba, har a cikin magana da numfashi, kuma ƙananan cikinsu sukan daɗe suna yawo a ɗakin da ba a buɗe ba, kamar yadda ƙamshin turaren wuta ke zama a ɗaki bayan garwashin ya mutu.

Ga shi kuma hunturun Sakkwato ba ya barin a buɗe ɗaki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka iskar asuba ta fara kaɗawa, tsofaffi kuka suke yi da ɗari, mu kuma don tausayi mukan rufe tagogi, mu toshe kafofi da tsumma, mu saki labule mai kauri, wani lokaci har mu shigo da kaskon garwashi tsakiyar ɗaki. Jinƙai muke ɗauka muna yi, ashe tarko muke ɗana musu, muke kuma ɗana wa kanmu. Ƙura takan busar da hanci da maƙogwaro ta sa kowa tari, shi ya sa a wannan lokaci ba mai damuwa ya bambance tarin ƙura da tarin cuta.

Abin mamaki, shekarar da kowa ya fi jin tsoro ita ce shekarar da muka fi zama lafiya. An samu mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, aka rufe Legas da Ogun da Abuja a ƙarshen Maris, mu a nan muna ji a rediyo kamar labarin wata ƙasa. Wasu na cewa cutar masu hawa jirgi ce, wasu na cewa zafin Sakkwato zai ƙona ta kafin ta wuce Tambuwal. Rasuwar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, da cutar ta kashe ranar 17 ga Afrilu, da labarin yawan mace-macen da aka riƙa ji daga Kano, da kuma sanarwar cewa cutar ta shigo jiharmu 'yan kwanaki kafin a ɗauki azumi ranar 24 ga watan, su suka sa jikin mutane ya yi sanyi. Alhaji ya sayo bokiti mai famfo ya ajiye a bakin zaure da sabulu, ya sa tela ya ɗinka mana takunkumi bibbiyu, ya hana baƙi shiga ɗakuna, masu kawo sadakar abincin buɗa-baki suka koma miƙawa daga waje. Duk wadda ta yi tari sau biyu a gabansa sai ya ce ta koma gida, domin kowa na tsoron a kwashe mutanen gidan a kai su killacewa a asibitin Amanawa. Hunturun da ya biyo baya ya zo ya wuce, ko murar da muka saba fama da ita kowace shekara ba ta kwantar da kowa ba. Na lura da haka a lokacin, amma ban haɗa shi da bokiti da takunkumi ba. Cewa na yi Allah ya tsare, kuma gaskiya ne Allah ne ya tsare. Da alluran rigakafi suka iso ƙasar nan a farkon Maris na 2021, mu ma daga baya aka yi mana, muka ɗauka magana ta ƙare.

A hankali komai ya koma yadda yake. Bokitin ya koma madafa ana tara ruwan wanke-wanke, baƙi suka dawo har bakin gado. Ba zan ɗora wa kowa laifin ajiye takunkumi ba, domin ni ce ta fara cire nawa. Rabin tsofaffinmu kunnensu ya yi nauyi, bakin mutum suke kallo su gane abin da yake faɗa, idan na rufe baki kamar na daina magana ne. Akwai wata da gigin tsufa ya kama, wadda duk lokacin da ta gan ni da takunkumi sai ta fasa ihu ta ce ɓarawo ya shigo, ta kai hannu ta fizge shi. Sannan duk wanda ya san zafin Afrilu a garin nan, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san abin da ake nufi da ɗaga babban mutum daga gado da ƙyalle a kan hanci.

A makon farko na Janairun 2022 wani dattijo makaho da muke kira Baba Malam ya fara tari da masassara, kwana biyu bayan wasu baƙi sun zo gaishe shi sun daɗe a ɗakin. Ni ce mai ba shi abinci. Ranar Talata da safe ina ba shi kunun gyaɗa, cokali na bakinsa tari ya taso masa, ya fesa mini kunun da yawu a fuska har cikin ido. Ya riƙa cewa, “Ki gafarce ni, ɗiyata,” ni kuma na ce babu komai, Baba, na goge fuskata da gefen hijabi na ci gaba da ba shi har ya ƙoshi. Ko wanke fuskar ban yi ba sai da na zo alwalar azahar, kuma da wannan hijabin na hau kabu-kabu na koma gida da yamma, na rataye shi a ƙusar ɗakin da muke kwana.

Ranar Juma'a na tashi maƙogwarona kamar an zuba yashi, gaɓoɓina duk suna ciwo, kaina ya yi nauyi. A nan ne na yi lissafin da har yau nake jin ɗacinsa. Ƙa'idar gidan ita ce duk wadda ta yi fashin rana za a cire kuɗin ranar daga albashinta, sai fa idan ta samo wadda za ta tsaya mata, kuma albashin nawa gaba ɗayansa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ba. Watan komawa makaranta ne, yara biyu na jiran kuɗin zango, ga babbar 'yata ta zo gida wankan haihuwar fari, jaririyarta ko arba'in ba ta yi ba, itacen wanka kaɗai ya isa ya cinye rabin abin da nake samu. Na tsaya a kemis na sayi farasitamol da kafso, na haɗiya a bakin hanya, ban san cewa kafson kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa ƙwayar bairas da ke kawo mura ba, asarar kuɗi kawai na yi. Da na isa, abokiyar aikina da ta girme ni ta dube ni a bakin ƙofar ɗakin mata ta ce, “Ke, lahiya kike kuwa?” Na ce mata mura ce kawai. Har wani alfahari nake ji a raina, cewa ni ba raguwa ba ce da ɗan zazzaɓi zai hana ta fitowa, kuma a gaskiya haka ake yabon ma'aikaci a wurinmu: wance ko tana ciwo ba ta fashi.

Kwana huɗu na yi ina zuwa aiki a haka, biyu na ƙarshe aikin dare ne a ɗakin mata. A gadon ƙarshe, kusa da bango, akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, wadda ta yi shekaru tana sayar da fura kafin ƙafafunta su gaza, mai barkwanci, mai tsokana, wadda ta san sunayen 'ya'yana duka tana tambayar su ɗaya bayan ɗaya. Daren Litinin wajen ƙarfe biyu ina zaune a kan tabarma ina rawar ɗari, ina danne tari da hijabi don kada na tashe su, sai na ji muryarta cikin duhu. “Ɗiyata, wanga tari naki ba ni sonai. Taho nan ki zamna, ɗari na shirin kashe ki.” Na ce, “Inna, ki yi barcinki, ba komai.” Ta ƙi, ta matsa jikin bango da ƙyar, ta ɗaga gefen bargonta. Na hau na zauna a gefen gadon, ta ja bargon ta rufe mini ƙafafu, ta dafa goshina da tafin hannunta mai kaushi tana yi mini addu'a. Barci ya kwashe ni a nan, kaina a jikin bango, fuskata na kallon tata, tagogi a rufe, har aka kira assalatu. Tun rasuwar mijina babu wanda ya lulluɓe ni sai ita, kuma abin da na saka mata da shi ke nan.

Kafin mako ya zagayo tsofaffi tara sun kwanta, mu ma'aikata uku. Baba Malam da ya fara ya warware. Inna kuwa ba ta yi zazzaɓi ba sam, tarinta ma kaɗan ne, shi ya sa ba a mai da hankali a kanta ba. Abinci kawai ta ƙi, ta yi shiru, sannan ta fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, abokan aikina suka ce gigin tsufa ne ya zo mata. Sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta maƙala mata ɗan abin nan na yatsa mai auna iskar oksijin a jini, ya nuna 84, alhali na mai lafiya daga 95 yake zuwa sama, sannan aka nemi mota aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ce ta bayyana mana daga baya cewa jikin tsoho sau da yawa ba ya iya tayar da zazzaɓi, don haka ruɗewa da ƙin abinci da yawan barci su ne alamun da ciwon huhu ke fara nunawa a wurinsu. Inna ta kwana uku a asibiti ta cika. Ban je jana'izarta ba, ban ma ji labarin ba sai bayan kwana biyu, domin a lokacin ni ma ina kan gadon asibiti.

Abin da ya faru a gidana ya zo da sauri. Ɗaki ɗaya da rumfa muke da su, mahaifiyata mai hawan jini da ciwon suga na kwana a gefe, mai jego da jaririya a ɗaya gefen, ni a tsakiya ina tari. Na yi sirace da ganyen darbejiya, na sha citta da kanumfari da lemun tsami, sun ɗan buɗe mini hanci amma ƙirjina sai ƙara nauyi yake. Mahaifiyata ta yi mura ta kwana biyar Allah ya taimake ta. Jaririyar ce ta ɗaga mana hankali. Ta daina kama nono, ta kama ta saki, kuma da 'yata ta buɗe mata riga sai muka ga fatar ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki duk numfashi, ƙofofin hancinta na buɗewa suna rufewa, wani ɗan sauti na fita kamar kukan 'yar kyanwa. Da daddare muka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, aka sa mata oksijin nan take. Ina tsaye a bakin ɗakin yara jiri ya ɗebe ni, na farka a wani ɗakin da ruwa a hannu. Hoton ƙirji ya nuna nimoniya, wato ciwon huhu, a huhuna na dama.

An ɗauki majinar hancina aka yi gwajin korona, sakamako ya fito babu ita. Kowa ya yi hamdala, 'yan'uwa na bugo waya suna cewa tunda ba korona ba ce ai da sauƙi. Wani matashin likita ne ya zauna ya warware mini wannan ruɗani, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce, “Mama, korona ɗaya ce cikin dangi masu yawa.” Ya ambaci mura mai tsanani da suke kira fulu, wadda kan bayyana kwana ɗaya zuwa huɗu bayan an ɗauke ta, ya ambaci wata da suke kira RSV, wadda kusan kowane yaro kan kamu da ita kafin ya cika shekara biyu, a jikin babba mai ƙarfi takan tsaya a mura, amma a jikin jariri da tsoho takan toshe ƙananan hanyoyin iska. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi kan raunana huhu su buɗe wa bakteriya ƙofa, abin da ya same ni ke nan, kuma a nan ne maganin kashe bakteriya ke da amfani, ba a ranar farko ta mura ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce mutum na iya yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamarta. Jikata ta kwana biyar a kan oksijin ta dawo gida. Ni na kwana takwas, na ƙara kusan mako biyu a gida kafin na iya tafiya daga ɗaki zuwa bakin titi ba tare da na tsaya hutawa ba.

Da na koma aiki aka miƙo mini albashi an cire kwana 19. Na sami Alhaji a zaure na gaishe shi, na ce, “Alhaji, ciwon nan fa a nan na ɗauke shi.” Ya ce, “Malama, ai an gwada an ce ba korona ba ce. Mura kuwa ko a kasuwa mutum na ɗaukar ta, wa zai ce ga inda ta fito?” Ba mugun mutum ba ne, ina so a fahimci wannan. Shi ya biya kuɗin asibitin Inna da likkafaninta, kuma kafin na tashi ya sa hannu a aljihu ya ba ni naira 5,000 ya ce a saya wa jaririya magani. Na karɓa na yi godiya, amma na fita ina jin cewa sadaka aka ba ni a inda nake da haƙƙi. Wani surukinmu da ya daɗe a harkar ƙungiyar ƙwadago ne ya gaya mini cewa dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara tare da biyansa, muddin likita ya tabbatar, kuma akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta haɗa da cutar da aka ɗauka ta dalilin aiki, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF. Sannan ya tambaye ni takardar ɗaukata aiki. Babu ɗaya daga cikinmu shida da ke da ita. Da baki aka ɗauke mu, a hannu ake biyan mu.

Ma'aikaciyar jinyarmu tana da ƙanwa da ke irin wannan aiki a Ingila, ta bakinta muka ji cewa matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Can ma tun a watan Mayun 2020 hukumar ƙididdigarsu ta bayyana cewa masu aikin kula da tsofaffi da naƙasassu na mutuwa da korona fiye da tsararrakinsu, kuma binciken da aka yi a gidajen tsofaffinsu a wannan shekarar ya nuna cewa inda ake biyan ma'aikaci idan ya kwanta ciwo, cutar ba ta yaɗu kamar sauran wurare ba. Ban yi mamakin wannan ba ko kaɗan, domin ni na san abin da ya fitar da ni daga gida ranar Juma'ar nan, kuma ba jahilci ba ne kaɗai.

Maganar Inna ta hana ni barci watanni. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta lallashina cewa mutum tara ne suka kamu, ɗakin a rufe yake, babu mai iya nuna numfashin da ya kai mata cutar, na ji amma zuciyata ba ta karɓa ba. Na kai kukana wurin malamin Islamiyyarmu. Bai ce mini ba ni da laifi ba, bai kuma ce ni na kashe ta ba. Ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya a mashaya, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya ce na yi istigfari, na riƙa yi mata addu'a da sadaka, na kuma gyara abin da ke hannuna. Har yau duk Juma'a nakan sayi fura na ba almajirai da niyyarta.

Abin da ke hannunmu ba shi da yawa, amma mun taɓa shi. Mu shida muka buɗe wani ɗan asusu kamar adashi, kowa na zuba abu kaɗan a ƙarshen wata, duk wadda mura ko tari ya kama ta zauna gida a biya ta daga ciki. Da Alhaji ya ga littafin asusun kunya ta kama shi, ya amince da kwana uku ba tare da cirewa ba, wanda bai kai abin da doka ta faɗa ba, amma ya fi babu. Kaskon garwashi ya bar ɗakuna, muka roƙi masu kawo sadaka su kawo barguna da safa da hulunan sanyi maimakonsa. Da hantsi, idan rana ta ɗaga, mukan fitar da masu iya fita tsakar gida mu buɗe tagogi da ƙofofi gaba ɗaya, da dare kuma mukan bar 'yar kafa ta sama ko da sun yi mita, kuma suna yi. Ɗakin ajiyar kaya ya zama wurin kwantar da duk wanda ya fara tari, mutum ɗaya ke kula da shi da takunkumi, wanda tarinsa ya wuce mako biyu kuma a kai shi gwajin tarin fuka, tunda gwajin da maganin kyauta ne. Bokitin ya dawo zaure. Ina da hijabin aiki da ba ya bin ni gida, kuma ba na taɓa jikata sai na wanke hannu da sabulu na sauya kaya. Tsohuwar da ke tsoron takunkumi kuwa dabara muka yi mata: nakan tsaya daga bakin ƙofa ta ga fuskata, na gaishe ta, na ɗaura shi a gabanta tana kallo, sannan na matso.

Akwai abin da bai sauya ba. Takunkumi mai kauri na N95, wanda ya fi tace iska, ya fi ƙarfin aljihunmu, na shuɗin nan na kemis muke sawa har ya yi laushi. Allurar rigakafin fulu da na ji ana yi wa irinmu kowace shekara a wasu ƙasashe ban taɓa ganin ta da idona ba. Takardar ɗaukar aiki har yanzu ana cewa za a yi. Ƙirjina kuma bai koma yadda yake ba, duk hunturu sai ya tuna mini, idan na ɗaga mutum biyu a jere sai na dafa bango na huta.

Ranar da na tare yarinyar nan a bakin ƙofa, na karɓi kwanon kokon daga hannunta na ce ta koma gida. Ta tsaya tana murza gefen mayafinta, can ta ce, “Yaya, to kuɗin yau fa?” Na shiga na ɗauko littafin asusu na buɗe mata, na rubuta sunanta a ƙasan namu, na ba ta kuɗin kabu-kabu, na ce kada na gan ta sai zazzaɓin ya sauka ya kwana ya wuni bai dawo ba, kuma ta nisanci ƙaninta mai shan nono. Ta tafi tana waiwaye kamar wadda aka kora. Ranar ni kaɗai na yi ɗakin mata da rabin na maza, na wanke mutum bakwai, na ba biyar abinci a baki, ban zauna ba sai bayan la'asar. Ta dawo ranar Alhamis, ɗan tari ya rage mata, na miƙa mata takunkumi na tura ta wanki da shanya a tsakar gida har ƙarshen mako.